Hoton Bayan Kasala

"Haisam, don Allah kar ka nuna wa Baba hoton nan..."

A bakin tashar jirgin ƙasa ta metro a unguwar Abbasiya Tasneem ta faɗi haka. Saura wata biyu bikinsu. Haisam ɗalibin tarihi ne a Giza, yana bincike kan 'yan gurguzun da suka shiga duwatsun bayan Kasala da bindiga, suka yaƙi mulkin soja a Sudan. Cikin tsofaffin takardu ya tsinci hoton samari biyu: baffansa Hasan, wanda ya ɓace shekara ashirin da bakwai, da mahaifinta Abdulhadi.

Tasneem ba ta taɓa sanin Babanta ya riƙe bindiga ba. Tela ta sani, mai firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. Sau ɗaya, cikin zafin zazzaɓi, ta ji yana kiran wani Hasan yana neman gafara. Gafarar me? Shi ya bashe shi ga sojoji? Ko shi ya... Ta kasa ƙarasa tunanin.

"Habibti, masoyiyata, kakata har yau tana ajiye wa Baffa Hasan abinci," in ji Haisam. "Dole in tambaya."

"In amsar ta raba mu fa?"



Ranar Juma'a bayan la'asar Haisam ya zo gidansu da hoton. Ta kawo shayi, ta laɓe bayan labule.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya tashi ya rufe taga, ya fara magana a hankali. Ya ce jirgi ne ya yi musu ruwan wuta, Hasan ya samu rauni a ciki, sauran suka watse. Kwana biyu yana goye da shi. A rana ta uku Hasan ya cika a bayansa.

"Da hannuna na tona masa rami. Tsoro ya hana ni zuwa wajen uwarsa. In na je, za a bi sawuna a kama su duka. Daga baya kuma kunya ta hana ni."

Tasneem ta zauna a ƙasa.

Haisam ya share fuska, ya kira kakarsa Hajiya Khairat a Kasala, ya gaya mata, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji, ya miƙa wa Baba. Tsohuwar ta tambaye shi:

"Ka yi masa sallah?"

"Na yi, Hajiya. Ni kaɗai."

"Ka fuskantar da shi alƙibla?"

"Na fuskantar."

Suka ji numfashinta, dogo, mai rawa.

"Khalas, shi ke nan. Yau zan yi barci." Ta ɗan tsaya. "Ina yarinyar? Ba ni ita in ji muryar matar jikana."

Baba ya ɗaga labulen da kansa, ya sa mata wayar a hannu.