Inci Biyu a Cikin Shuɗiyar Riga

Auta ta zauna a bakin gado da faranti a cinya, tana kallon ƙwai biyu da yankan burodi kamar an kawo mata sammaci. Takardar likita na manne a jikin firij: wannan makon a ƙara ƙwai ɗaya da kofin madara. Mijinta, wanda kowa ke kira Tela har ita kanta, yana tsaye a bakin ƙofa da tef a wuya, yana ta neman takalmin da ke ƙafarsa don kada ta gane jiran ta yake.

Abin ya samo asali tun tana sakandare, lokacin da yayyenta suka laƙaba mata Buhu. Su wasa suke yi, ita kuwa sunan ya zauna mata a ƙirji. Bayan aure ta fara rage abinci, yau cokali biyar, gobe uku, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Likita ta ce jikinta ya daɗe cikin yunwa, sai an ƙara abinci a hankali, kuma ta riƙa zuwa ana tattaunawa da ita duk mako. A hanyar dawowa Auta ta roƙi Tela da hawaye kada ya faɗa wa kowa. Wace irin mace ce za a ce ga abinci a gabanta tana tsoronsa? Ya yi mata alkawari.

Alkawarin nan shi ya ja masa. Mama ta ga ’yarta ta zama ƙashi da fata, ta yanke hukunci cewa Tela ba ya ciyar da ita. Babban wanta, Yaya Babba, ya je har shago ya wanke shi tas a gaban kwastomomi, ya ce mai zaren da bai iya riƙe mace ba. Tela bai ce komai ba sai “Ku yi haƙuri, Yaya.” Auta ta ji labari, kunya ta rufe ta, amma ta ja bakinta ta yi shiru.

Abu ɗaya ne ke ba ta ƙarfin haɗiye abincin: shuɗiyar rigar da ya ɗinka mata. Kullum da safe sai ta gwada ta. In zif ya hau lafiya, hankalinta ya kwanta, ta ci. Mako shida zif na hawa sumul.

Ran nan tana guga ta juya rigar ta ciki, sai ta ga layin hudar allura har uku a gefe, kowanne nesa da ɗan’uwansa kaɗan. Matar tela ce, ba sai an yi mata bayani ba. Buɗa rigar yake yi in ta shiga wanka ko ta tafi asibiti.

Da ya dawo cin abincin rana ta jefa masa rigar. “Ashe ƙiba nake yi kana ɓoye min? So duk wannan time ɗin fooling ɗina kake?”

Ya ɗauki rigar ya naɗe. Ya amsa cewa ya yi kuskure, ya kamata ya faɗa mata, tsoro ne ya hana shi. Sannan ya ce, “Tun ranar da na yanka ta na bar inci biyu a cikin ɗinkin. Na san jikinki zai dawo ne, shi ya sa na bar miki wuri.”

Ba ta saurare shi ba. Ranar ko ruwan shayi ba ta sha ba.

Washegari da hantsi sai ga Mama da Yaya Babba da mota. Mama ta ce a haɗa kaya, ’yarta ba za ta mutu a gidan da tukunya ba ta hawa wuta ba. In ya so takardar saki ta biyo baya. Tela ya durƙusa a kan kafet, kansa a ƙasa. Auta ta leƙo ta bayan labule tana jiran ya tona ta, ya wanke kansa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Bai faɗa ba.

Nan ta ji wata kunya wadda ta fi ta farko zafi. Ta fito da rigar, ta juya ta a gaban Mama.

“Mama, ba shi ba ne — ni ce. Shi yake dafawa, ni nake zubarwa. Tsoron ƙiba nake yi, tun da aka sa min Buhu.”

Ta nuna musu hudar allurar, ta ɓanɓaro takardar likita daga jikin firij ta miƙa. Yaya Babba ya buɗe baki zai ce ai wasa ne, sai ya fasa. Shi ne ya fara kiran ta da sunan. Ya miƙa wa Tela hannu bai iya kallon idonsa ba. Mama kuwa kuka take tana cewa, “Ɗan nan, ka yafe min, na ɗauki alhakinka.”

Tela ya tashi ya shiga kicin, ya fito da ƙwai biyu da kofin madara. Tsoron bai bar Auta ba, kuma ta san zai daɗe kafin ya sake ta. Amma ta ci a gabansu, loma bayan loma, tana hawaye, har farantin ya ƙare. Sannan ta tura masa rigar.

“Saura nawa a ciki?”

“Rabin inci.”

“Buɗe shi a gabana. In ya ƙare ka yanka min sabuwa.”

Wasan da muke yi da jikin ’yan’uwanmu yakan zama ciwon shekaru, kuma ciwon da aka ɓoye don kunya wanda ya fi son mu shi yake ɗaukar zaginsa. Tela ya yi haƙuri, haƙurin ya dawo masa da matarsa da mutuncinsa rana ɗaya.