Ruwan Gishiri a Gindin Tsamiya

Yammar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran yammaci ba. A gidan Malam Hadi na Basirka, can ƙarshen gari ta hanyar Gwaram, matarsa Turai tana tuƙa tuwo, kaji suna neman makwanci, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Ladan ya fara gyara murya. Malam Hadi yana alwala ya ɗaga kai ya ce wa 'yarsa Bara'atu ta yi sauri ta saki ruwan kwamin kifi kafin a tayar da salla.

Kiwon tarwaɗa yake yi tun da ciwon baya ya raba shi da fartanya. Kwami ɗaya ya gina na siminti a jikin katangar baya, shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Bara'atu kuwa, budurwa mai yawan dariya, ita ke ba kifin abinci safe da yamma, har takan ce sun san takunta.

A makon nan kifin ba su da lafiya. Malam Hadi ya sayo sababbin 'ya'yan kifi ya zuba a kan tsofaffi bai ware su ba, sai ga farin ɗigo-ɗigo a fatarsu kamar an yayyafa musu gari. Suna goga jiki da bango, suna tsayuwa a saman ruwa baki buɗe. Ya je Birnin Kudu ya ɗauko Malama Ruqayya, ma'aikaciyar da ke duba kifin mutane. Ta kankari majinar jikin ɗaya ta duba a madubi mai ƙara girman abu, ta ce wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai maƙalewa a fata, sababbin ne suka zo da shi. Ta ce a rage abinci, a riƙa yi musu wankan gishiri, a sake ruwa kullum. Ta kuma ce lafiyayyar tarwaɗa a ƙasan ruwa take kwanciya, ranar da ya ga sun koma ƙasa to sun warke.

Asali ruwan kwamin yana bi ne ta kwata zuwa lambun Turai. Amma ruwan gishiri zai ƙona mata rama da alayyafo, don haka Malam Hadi ya huda katanga ya juya bututun waje. Bai leƙa ya ga inda bakinsa ya nufa ba. Bayan katangar nan wata tsohuwar tsamiya ce wadda ta girmi duk mai rai a unguwar.

Bara'atu ta zare toshiyar tana sauri, ko bisimilla ba ta yi ba. Ruwa ya tafi da gudu. Daga bayan katanga aka ji wani sauti siriri, kamar jaririn da aka tsunkula, sannan aka yi shiru. Kaji ma suka yi tsit.

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi suna sallame salla. Malam Hadi ya zagaya da tocila bai ga kowa ba. Da ya ɗauki dutsen ya ji shi a jiƙe, da ya bushe kuma sai ga fari-fari a jikinsa.

Washegari da almuru aka sake sakin ruwa, domin maganin kifi ba a tsallake masa rana. Jifa ya ƙaru. Rana ta gaba Turai ta ɗanɗana miyarta ta tofar, ba ta ciwuwa don gishiri, alhali ba ta kai ga sakawa ba. Ruwan randa ma haka. A yammar ce ta shiga ɗaki ta tarar da Bara'atu tana goga kafaɗarta da bango, a hankali, a hankali, har fata ta saɓule. Kanta a ɗage yake, bakinta a buɗe, tana neman iska kamar ɗakin ya cika da ruwa. A hannayenta farin ɗigo-ɗigo ya fito.

"Malam," in ji Turai, "zo ka ga yarinyar nan. Irin na kifinka take yi."

Suka ɗora ta a mota sai asibiti a Birnin Kudu. Aka auna jini, aka duba ƙirji, aka ba ta abin shafawa da na barci, suka dawo gida. Da rana takan yi lamo, ta sha ɗan kunu. Rana na yin ja sai ta tashi ta nufi bango. Turai ta daina girki, ta zauna tana riƙe da ita, tana kiran sunanta kamar mai kiran wanda ya yi nisa a daji. Malam Hadi ya rame, yana kai kawo tsakanin ɗaki da kwami, nan 'yarsa na haki, can kifinsa na haki, kuma kullum da yamma yana sakin ruwan da hannunsa, bai san shi ke ƙara wa wutar itace ba.

Da ta daina gane uwarta, sai ya hau babur ya tafi Gwaram wajen Malam Bahauddeen, dattijon malami mai karantar da manya, wanda aka sani da yi wa masu taɓuwar aljanu karatu.

Malam ya iso bayan la'asar. Bai fara da karatu ba. Ya zauna a tabarma ya yi ta tambaya: me ya shigo gidan sabo, me aka sauya, ina ake zubar da ruwa, da wane lokaci. Da ya ji labarin bututu sai ya miƙe ya zagaya bayan katanga. Gindin tsamiyar ya yi fari fat, ciyawar wajen duk ta mutu. Ya daɗe a tsaye, sannan ya yi sallama a hankali, ya dawo.

Rana na faɗuwa ya sa Turai ta lulluɓe yarinyar ta riƙe ta, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Can jikin Bara'atu ya sandare, wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa, a dishe kamar ta wadda ta kwana tana kuka.

"Ka daina. Ka daina, ni aka zalunta."

Malam ya tambaye ta ko wace ce. Ta ce a gindin tsamiyar nan take tun kafin a kafa shingen farko a Basirka, ba ta taɓa taɓa kowa ba. Jikanta yana kwance a bakin ƙofarta aka sako masa ruwa mai cin jiki, kuma ba sau ɗaya ba. Duk fatarsa ta ɗaye.

"Da sun ambaci Allah, da mun kauce," in ji ta. "Ko kare ana ce masa tashi."

Malam ya ce gaskiyarta ce, an yi mata laifi, amma ba da sani ba, kuma yarinyar aikenta aka yi. Ta ce to a bar mata yarinyar ta yi jinyar jikanta. Malam ya ce ba ta da wannan. Ta ce a yanka mata baƙin bunsuru a gindin tsamiya.

"Ba a yanka wa kowa sai Allah," in ji Malam. "Nemi abin da yake hakkinki, a ba ki. In kin wuce nan, zan ci gaba da karatu har ki ƙone."

Numfashin Bara'atu yana ta raguwa, leɓɓanta sun yi toka-toka. Turai ta kifa goshinta a kan na 'yarta.

"A wanke mini ƙofata da ruwan daɗi," in ji muryar. "Kuma wannan rijiyar siminti da ke jikin katangata, a rushe ta. Yau."

Malam ya dubi mai gida. Malam Hadi ya san abin da kwamin nan ya ci kafin ya tsaya, ya san ba shi da bayan da zai koma gona. Ya dubi leɓɓan 'yarsa. Ya fita ya aro guduma.

Maƙwabta suka shigo da bahuna da robobi aka kwashe kifin da suka rage. Waɗansu suka yi ta jan ruwa a rijiya suna kwararawa a gindin tsamiya, kowane bokiti da bisimillarsa, har farin ya wanke. Malam Hadi ya ce wa tsamiyar a yi haƙuri, da bakinsa, a gaban mutane. Sannan ya ɗaga guduma. Kowane bugu sai ya dafa ƙugu ya cije leɓe, amma bai miƙa wa kowa ba.

Da bango na ƙarshe ya faɗi, Malam Bahauddeen ya sa tsohuwar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba. Ta yi. Bara'atu ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta sulale a cinyar uwarta. Numfashinta ya sauka ƙasa, ya daidaita.

Barci ta yi har hantsi. Da ta buɗe ido ta nemi ruwa, ta sha, ta ce yau ruwan randa da daɗi. Sai ta waiga ta ga ubanta a bakin ƙofa, ƙurar siminti har cikin gemunsa.

"Baba, an ba kifi abinci?"

Ya je ya jawo baho ɗaya har bakin ɗakin don ta gani. Kifin ba su da yawa, amma duk sun kwanta a ƙasan ruwa, sai gashin bakinsu ke motsi.

Har yau Malam Hadi a bahuna yake kiwonsa, a tsakiyar gida, nesa da katanga. In kifi ya yi rashin lafiya aka yi wankan gishiri, da hantsi yake ɗaukar ruwan a bokiti, yana ɗingishi, ya kai shi can fako inda ba inuwa. Kafin ya zubar sai ya tsaya, ya yi bisimilla, ya ɗan jira.