Muryar Maguɗiya

A wani gari can da, an yi wata maguɗiya da maƙogwaronta ya kumbura. Mai magani ya ce, "Baiwar Allah, jijiyoyin murya biyu ne, sirara kamar zare. In kika ɗaga murya kafin su warke, sun tsinke ke nan."

Ta yi shiru, don bikin 'yarta ya matso. Aka tsokane ta, ta yi shiru. Akuya ta ci mata hatsi, ta yi shiru.

Wata safiya ta hangi makaho ya nufi tsohuwar rijiya. Ta shafa wuyanta, sannan ta ƙwalla ƙara: "Malam, tsaya!"

Ya tsaya.

Ranar biki ta riƙe hanci, ta buɗe baki, sai iska kawai. Matar makahon ta dafa kafaɗarta, ta rangaɗa guɗar a madadinta.