Jan Ɗigo a Wayar Nusret

Yammacin wata Talata ce a ƙarshen kaka, irin yammacin da ba a tsammanin komai daga gare shi. Zumreta tana kicin tana jan ƙullun burek, abincinmu na fulawa da nama, a kan tebur har ya yi shara-shara kamar mayafi. Mijinta Nusret yana baranda da finjalin gahawa, yana kallon kamper ɗinsa, farar motar nan mai gado da murhu da banɗaki a cikinta, wadda sai da ya shekara ashirin da shida yana ɗaura tayil a Ostiriya kafin ya mallake ta. 'Yarsu Belkisa tana sama tana bitar karatun jinya. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin gangare, a daidai nan wayar Nusret ta yi ƙara.

Saƙo ne daga na'urar bin sawu da ya manna wa motar da safiyar ranar, wai motarsa ta bar inda take. Ya ɗaga kai. Ga mota nan a tsakar gida, ko ganyen da ya faɗo kan gilashinta bai motsa ba. Ya buɗe taswira. Jan ɗigon da ya kamata ya zauna a kan gidansa yana can saman dutsen Vlašić, tafiyar kilomita talatin, a ƙarshen wata hanya da ko suna ba ta da shi. Kallo ɗaya ya yi ya gane wurin.

"Wa ke kira?" Zumreta ta tambaya daga kicin.

"Ba kowa. Shirmen na'urar nan ne."

Mu da muke maƙwabtaka da Nusret mun san hannunsa ba ya buɗuwa da sauƙi. Da aka sace kamper ɗin Hasib na ƙarshen layi, daga ƙofar gidansa, da rana tsaka, sai da Nusret ya kwana huɗu yana juyi kafin ya gangara garin Travnik, shagon Fadil mai kayan lantarki. Fadil ya jera masa na'urori a kan kanta.

"Wannan da wayoyin mota ake haɗa ta, Kawu. Sai ɓarawo ya kwance rabin gaban mota kafin ya same ta. Kuɗinta maka ɗari huɗu, kuɗin ƙasarmu, ban da kuɗin wata."

"Kuɗin wata? Ɗaki zan kama mata haya?"

"To ga ta talakawa. Maka sittin. Ka sa mata layin waya, ka manna ta jikin ƙarfe inda ido ba ya kaiwa, batirinta wata biyu. Amma fa araha ba ta ado."

"Ba ado na zo saya ba. Naɗe mini ita."

Ya manna ta a cikin ƙaramin ma'ajin da ke gefen motar ta ƙasa, inda yake ajiye tiyo da igiya da wani faffaɗan dutse mai santsi. Wannan dutsen shi ne tushen maganar.

Mako biyu kafin nan, su uku sun hau Vlašić sun kwana a wani ƙauye da babu wanda ya koma cikinsa tun bayan yaƙi. Bangaye ne kawai a tsaye, da wani tsohon itacen orah, irin wanda iyayenmu ke hana mu kwanciya a inuwarsa. Tankin banɗakin motar ya cika. Duk mai kamper ya san ba a juye shi sai a wurin da aka tanada, wurin kuwa yana can ƙasa, tafiyar minti arba'in, ga kuma kuɗin juyewa maka goma. Da magariba ta yi, Zumreta ta tayar da salla a cikin mota, Nusret ya zaro tankin ya zagaya bayan itacen. A gindinsa ya ga faffaɗan dutsen nan. Ya ɗaga shi, sai ga rami busasshe, tsaf kamar yanzu aka share shi, wata iska mai sanyi tana fitowa daga ciki.

Kada wani ya ce Nusret bai sani ba. Uwarsa, Allah ya jiƙanta, ko ruwan wanke-wanke ba ta taɓa watsarwa da magariba ba, in kuma ya zama dole sai ta ce "destur" sau uku, neman izini ke nan daga waɗanda ba a gani. Kalmar ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta, wai shi mutumin da ya zauna a Turai. Ya tuntsurar da tankin gaba ɗaya a cikin ramin, ƙazanta da shuɗin sinadarin da ke cin fata. Daga can ƙasa ya ji wani siririn kuka kamar na 'yar kyanwa. Ya ce a ransa kyanwa ce. Dutsen kuma ya ga zai yi kyau wajen tare taya a gangara, ya ɗauke abinsa.

Washegarin ƙarar wayar ya koma wurin Fadil da faɗa.

"Ka sayar mini da maƙaryaciya. Mota tana gida, ita tana cewa tana kan dutse."

"Ai na gaya maka, Kawu. Kawo in canja maka, kada ka tara mini jama'a."

Sabuwar ma da ladan ya kira magariba ta yi ƙara. Ɗigon ya tashi daga tsakar gida ya koma gindin orah, ya zauna can har aka yi isha, sannan ya dawo.

A rana ta uku jifa ya fara. Da fari tsakuwa ce a kan rufin mota, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya gaggawa. Daga baya ta koma tagar kicin. Ba ta fasa gilashi. Hasib ya zagaya bayan katanga da sanda, bai ga ko kare ba. Zumreta ta tsinci ɗaya ta yar da sauri, ta ce da ɗumi, kuma a jiƙe take, tana warin maganin banɗaki. Nusret ya shige ɗaki ya kunna talabijin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai abin ya shigo gida. Belkisa, yarinyar da dariyarta ke kaiwa har layi na biyu, ta daina magana a kan tebur. Ta daina cin abinci sai ruwa. Takan tsaya a bakin famfo tana dirje hannuwanta har su yi ja, tana cewa ba su fita ba. Da rana ta karkata sai ta fita ta zauna a matakalar motar, ta naɗe hannuwa kamar mai rungume da jinjiri, tana jijjigawa, tana wata waƙa da babu wanda ya san yarenta. Daga cikin motar da ke kulle kuma akan ji ana amsa mata da siririn kuka. Likita a Travnik ya ce gajiyar jarrabawa ce, ya rubuta ƙwayoyin barci.

"Ke kika jawo," Zumreta ta ce mata wani yammaci, tana kuka tana faɗa. "Sau nawa na hana ki fita da magariba? A kan dutsen nan ma ina sallamewa na ga kin fice, kai ba ɗankwali. Ga shi nan kin taka abin da ya fi ƙarfinki."

Belkisa ta ɗago ta dubi ubanta. Ya kawar da ido. Wallahi abin da ya fi ci mini rai a labarin nan ke nan: yana zaune, cokali a hannunsa, ana ɗora wa 'yarsa kayansa, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shan miya. Kunya ce ta riƙe shi, kunyar a ce dattijo kamarsa ya yi wannan aika-aika saboda maka goma. Kullum yakan ce gobe zai faɗa, kullum goben ta zo ta same shi da baki a rufe, yarinya kuwa tana ƙarewa a gabansa kamar kyandir.

A rana ta goma sha ɗaya Zumreta ta aika aka ɗauko Hoja Sakib, tsohon malamin da ya karantar da rabin garinmu. Ya iso bayan la'asar da silifas ɗinsa a leda. Ya sha gahawa, ya saurari uwar, sannan ya miƙa hannu aka ba shi wayar. Ya daɗe yana duban taswirar ta saman tabarau.

"Ni ban iya waɗannan abubuwan ba. Amma wurin nan, ka san shi?"

"Mun taɓa kwana a can, Efendi," in ji Nusret, da laƙabin da muke girmama malamai da shi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Hoja ya ajiye wayar a kan tebur, bai ƙara tambaya ba.

Aka zaunar da Belkisa a kan darduma a falo. Haske yana janyewa daga labule. Gari ya yi tsit, irin shirun da kan sauka kafin kiran salla, ko agogon bango sai da aka ji kamar ya rage sauti. Ladan ya fara, wayar ta yi ƙara, tsakuwa ta sauka a kan rufi. Hoja ya soma karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai ɗaga ba, bai tsaya ba. Yana cikin Ayatul Kursiyyu karo na bakwai bayan yarinyar ya miƙe, kanta ya karkata gefe, wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa, busasshiya, a gajiye.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, ni kuwa an riga an ƙona ni."

"Wace ce ke? Me kike nema a gidan Musulmi?"

"Ƙofata nake nema. Tambayi mai mota."

Zumreta ta juya ta dubi mijinta. Muryar ta ci gaba a hankali. Ta ce shekara ɗari uku tana gindin itacen nan, mutanen ƙauyen sun zo sun tafi, babu wanda ya taɓa zuba mata ko ruwan alwala ba da sallama ba. Ta ce jikanta yana kwance a ɗaki aka kwararo masa wuta mai wari, fatar bayansa ta saluɓe. Aka kuma ɗauke ƙofar gidan aka tafi da ita.

"Ya sayi abin kama ɓarawo ya manna kusa da ƙofata. Abin bai yi ƙarya ba. Ƙofa ta san gidanta."

"In haka ne an zalunce ki," in ji Hoja. "Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Me yarinya ta yi miki?"

"Ban neme ta ba. Ita ta zo. Uban yana juya baya ta fito daga mota, ta durƙusa a bakin ramin, ta ce destur sau uku. Ta ce, ubana bai sani ba, ku yafe masa, in kuma sai an hukunta, a ɗora mini. Na karɓa."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Nusret. Ya zame daga kujera ya dafa ƙasa.

"Na sani," ya ce. "Wallahi na sani. Uwata ta koya mini. Na ji kukan ma, na ce kyanwa ce. Ni ne, Efendi, ni ne, ku sake mini 'yata."

Zumreta ta toshe bakinta da gefen ɗankwali.

Aka shiga ciniki. Tsohuwar ta ce za ta riƙe yarinyar ta yi mata jinyar jikanta har ya warke, tun da ta ga hannunta ya iya. Hoja ya ce ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba, ya koma karatu har muryar ta yi ƙara ta ce a dakata. Ta ce to a ba ta motar. Nusret ya ɗago zai ce ta ɗauka, Hoja ya daka masa tsawa ya yi shiru, ba a gaggawa da irin wannan alkawari. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa kafin magaribar gobe Nusret zai wanke ramin da bokiti arba'in na ruwan marmaro, da hannunsa, ya mayar da dutsen yadda ya same shi. Motar kuma za ta zauna a gindin orah, ƙofa a buɗe, har ƙanƙarar hunturu ta narke, domin ramin ba zai bushe ba kafin nan, mara lafiya kuma yana bukatar ɗaki. Kowa a falon ya san abin da hunturun Vlašić zai yi wa motar da aka bari a buɗe.

"Na yarda," in ji Nusret.

Hoja ya sa ta rantse da alkawarin Annabi Sulaimanu, ya umarce ta ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Yatsan ya karkaɗa sau biyu. Belkisa ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Washegari tun da asuba ya tafi. Hasib ne ya bi shi da ƙaramar mota ya dawo da shi, ya ce mana mutumin ya yi sawu arba'in tsakanin marmaro da itacen, bai yarda an kama masa ko bokiti ɗaya ba, tafin hannunsa duk ya fashe. Da ya gama ya bar makulli a jiki, bai waiwaya ba.

Da yamma ya zauna a baranda yana kallon filin da tayoyi suka bari a tsakar gida. Ladan ya kira salla. Wayar ba ta yi ƙara ba, ɗigon yana gindin orah, inda motar take. Belkisa ta fito lulluɓe da bargo, ta zauna a kujerar da ke kusa da shi. Ya kasa dubanta. Sai da aka kusa gama kiran sallar ya iya buɗe baki.

"Kwana da kwanaki uwarki tana miki faɗa a kan laifina. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ja bargon ta rufe hannuwanta da har yanzu suke ja.

"Kai nake jira ka faɗa, Babo," ta ce. "Kullum sai in ce yau zai faɗa."