Awa Biyun da Suka Ɓata

Tun da Gwaggo ta shigo falo ko takalmi ba ta cire ba, Auta ta san yau ba za a wanye lafiya ba.

"Yaya, an yaudare ku!" Gwaggo ta ce da Baba. "Ƙarfe ɗaya da rabi ɗana ya ga Injiniyan nan a shagon agogo, shi da wata mace!"

Ɗan nata sau biyu yana neman auren Auta, sau biyu tana ƙi.

Baba ya shekara ashirin yana tuƙin babbar mota, lissafin hanya ba ya ba shi wuya. Ya ɗaga yatsu.

"Ya ce jirginsa zai tashi goma, tafiyar awa biyar ce. Uku ke nan. Wanda ke sama, me ya kai shi shago?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Shekara biyu tana jiran Injiniyan nan da ke aiki a wata ƙasa, yau ne kuma zai zo gaban Baba neman aurenta.

Ƙarfe huɗu ya yi sallama. A bakin ƙofa ta tare shi.

"Sanyin idona..."

"Kar ka ƙara kirana haka! Maƙaryaci!"

"Me na yi?"

"Wace ce ita? Jirgin asuba ka biyo don ka fara ganinta, ko?"

"Yayata ce fa! Ita ta ɗauko ni."

"Ƙarfe ɗaya? Fuka-fuki ka yi ka wuce jirgin?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Ramin ƙarya ƙurarre ne!"

Ran Injiniya ya ɓaci. Ya wuce Auta, ya durƙusa gaban Baba, ya kwance agogon hannunsa ya miƙa masa.

"Baba, dubi wannan, ka dubi na bango."

Na bango ya ce huɗu. Na hannu ya ce shida.

"Ya lalace," in ji Gwaggo.

"Lafiyarsa ƙalau, ban juya shi ba ne. Can rana tana riga ku fitowa da awa biyu. Goman da na tashi, takwas ce a nan."

Baba ya sake ƙirgawa. Takwas... tara... yatsansa ya tsaya kan ɗaya.

"Shagon kuma?"

Injiniya ya ciro ƙaramin akwati. Agogo ne mai fuska biyu.

"Naka ne, Baba. Ɗaya lokacinka, ɗaya namu. Don ka san sa'ar da za ka kira ta."

Gwaggo ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Hawaye ya zubo wa Auta. "Ka yafe mini..."

"Shekara biyu, ki yarda da maganar minti biyu?"

"Kai ma da ka faɗi lokacin sauka, bakinka zai yi ciwo?"

Ya yi dariya ba don ya so ba.

Baba bai yi dariya ba. Yana ta juya agogon a tafin hannunsa.

"Wurin da ko ranarmu ba ɗaya ba! In ta yi zazzaɓi, wace mota zan tuƙa in kai kaina?"

"Awa biyar ce, Baba."

"A sama!" ya daka masa tsawa. Sai kuma ya sauke murya. "Na ba ka ita."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, suka tafi. Baba bai taɓa shiga jirgi ba. Ko zai iya shiga don ya je ganin Auta, har yau babu wanda ya sani.