Ƙwai Uku na Ladidi

A wani zamani an yi wata mata da mijinta ya rasu. Ta tara kaji cike da akurki, amma ta rasa dariyar 'yarta Ladidi. Kowane ƙwai kasuwa take kai shi, kuma ba ta ragi. Ladidi kuwa koko da safe, koko da rana, har ta zama mai yawan fushi da mantuwa, karatu ya gagare ta.

Wata tsohuwa mai sayen ƙwai ta dubi yarinyar ta ce, "Kanta ne ke jin yunwa. Ki bar mata ƙwai uku kullum, da wake da zogale."

"Uku? Albarka, Iya. Ɗaya dai."

"Rabonki da jin dariyarta tun yaushe?"

Matar ta yi ta tunani, ta kasa tunawa. Ta sunkuyar da kai.

"Na sallama, Iya. Uku."