Jan Zare a Kujerar Baya

Ranar da Auta ta shiga gareji da motar Babanta, sai da ma'aikata suka ajiye abin da ke hannunsu. Doguwar wagon ce mai ruwan ganye, ta girmi Auta nesa ba kusa ba, amma fentinta na asali ne, rediyonta na asali, ko madubi ba a taɓa canza mata ba. Mai ɗinkin kujeru, wanda kowa ke kira Tela, shi kaɗai ne bai kalli motar ba. Direbar ya tsaya kallo.

Ta ce masa soson kujerar gaba ne ya lotsa, kuma Baba ya ce soson kawai za a canza, kada a taɓa fatar. Ya tambaya ko akwai sharaɗi a kan lambar wayar direba. Ta harare shi, sannan ta ba shi, wai don ya sanar da ita idan aiki ya ƙare.

Aiki ya ƙare, saƙo bai ƙare ba.

"Direbata, yau na soke yatsana da allura. Laifinki ne."

"Ka wanke ka ɗaure, Telana. Kuma ka daina tunanina da allura a hannu."

Da labarin ya kai kunnen Baba, bai yi murna ba. Shi ɗan amininsa yake so wa Auta, yaro mai daɗin baki da ba ya zuwa gidan sai ya yabi motar. Yaya, babbar 'yar Baba, ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, don haka ta goya jaririnta ta tafi garejin da kanta. Ta titsiye Tela da tambayoyi, ta leƙa ɗakin aikinsa, har yadda yake magana da masu kawo aiki ta saurara. Da ta dawo ta ce ta gamsu, Baba ya yarda Tela ya zo su gaisa.

Don ya burge surukinsa, Tela ya sa Auta ta kawo motar ya shafa wa fatar kujerun mai. A kujerar baya ya ci karo da wani ɗinki da jan zare, a karkace, kamar tafiyar tururuwa. Ya ɗauka aikin wani ɗan koyo ne. Kafin Auta ta dawo ɗaukar motar ya warware shi, ya maye gurbinsa da nasa mai kalar fatar, ko alama babu.

Da motar ta koma gida, Baba ya buɗe ƙofar baya ya daɗe a tsaye. Auta ce ta yage wurin da almakashi tana ƙarama, Mama ta zaro zare daga jakarta ta ɗinke da sauri don kada a yi wa yarinyar faɗa. Baba ya gani tun a ranar, bai taɓa nunawa ba.

"Mutumin da yake gyara abu bai tambaya ba," in ji shi, "ba zan ba shi 'yata ba."

Saƙon Auta gajere ne: "Ɗinkin Mama ka warware. Kada ka kira ni."

Ɗan aminin Baba ya dawo da sintiri. Auta ta daina cin abinci sosai, kuma Yaya ba ta iya zura ido a kan wannan. Ta koma garejin ta tambayi Tela inda ya jefar da zaren. Ya ce shi ba ya yanke tsohon ɗinki, zare shi yake yi, kuma duk abin da ya cire daga mota yana mayar wa mai ita. Zaren yana aljihun gaban motar, a naɗe. Ya miƙe zai ɗauko allura, Yaya ta ce ya zauna, garajen nan ne ya kai shi inda yake.

Washegari ya zo ya durƙusa gaban Baba, ya ba da haƙuri, ya nemi izinin cire nasa ɗinkin. Ya ce hujin allurar Mama yana nan a jikin fatar, amma ba shi ya kamata ya bi shi ba, Auta ce. Baba ya miƙa wa Yaya makullin motar.

Tela ya riƙe fatar, Auta tana bin hujin ɗaya bayan ɗaya, tana share ido da bayan hannu. Dab da ƙarshe zaren ya gaza, don bakinsa ya riga ya ruɓe. Tela yana da zare mai ruwan ƙasa, kalar fatar, a aljihu, amma bai taɓa shi ba. Ya ɗago kai.

"Baba, a ƙarasa ko a bari haka?"

Baba ya dube shi, ya dubi Auta.

"Ƙarasa da naka, ɗana."

Ranar aurensu Baba ya ce babu mai kai su gida sai shi. Ango da amarya suka zauna a baya, ɗinkin yana tsakaninsu, ja a karkace da ɗan guntun ruwan ƙasa a ƙarshe. Tela ya raɗa mata cewa yau direbarsa ta zama fasinja. Ta ce ya bari su isa tukuna ya ga mai tuƙi.

Yaya ta duba ƙofofin sun rufu, ta ja wa Baba kunne kada ya yi gudu. Baba ya gyara madubi har ya hango su biyun.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya sa ku riƙe juna yadda Mamanku ta riƙe mu."

Suka amsa da amin, ya tayar da mota.